Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jigawa: Wa Zai Koyar Da Likitocin Dabbobinmu?

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa,
Malam Umar Namadi,
Gidan Gwamnati, Dutse.



Na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a ne saboda maganar ta shafi duk mai akuya ko da ɗaya ce a jihar nan. Ni likitan dabbobi ne, ɗan ƙasar Dutse, amma allo da alli sun fi sirinji cin shekaruna. Kokena a kan wata sana'a ce wadda ba a gayyatarta ranar ƙaddamar da rigakafin shanu, ba a kuma ɗaukarta hoto: koyar da likitocin dabbobi da malaman dabbobi, da binciken yadda ya kamata a koyar da su.

Ranka ya daɗe, ba sai na gaya maka dukiyar da ke tafiya da ƙafa huɗu a Jigawa ba. Ranar Alhamis a Maigatari, tireloli ne ke layi suna lodin shanu da raƙuma da tumaki, wasu daga Nijar suka ƙetaro, su nufi Legas da sauran garuruwan kudu. Ga Gujungu, ga Shuwarin nan kusa da hancinmu. Daga Kiyawa zuwa Jahun, daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da turke ba, ko ragon da ake yi wa tanadin Babbar Sallah, ko shanun huɗa, ko 'yan awakin uwar gida. Lokacin da gwamnatin Alhaji Muhammadu Badaru Abubakar ta raba wa mata awaki don su tsaya da ƙafarsu, kai ne kwamishinan kuɗi, ka san abin da aka kashe. Ita ma gwamnatin tarayya a 2024 ta ware wa harkar kiwo ma'aikata sukutum. Kowa ya yarda akwai arziki a nan.

Abin da gwamnatoci suka saba saye don kare wannan arziki sananne ne: maganin rigakafi, firji, babura, ginin asibitin dabbobi. Duk suna da amfani. Sai dai babu ɗayansu da ke isa jikin dabba sai ta hannun mutum, shi kuwa hannun nan wani ne ya koya masa inda jijiya take. In an koya masa da kyau, allurar naira dubu ta ceci saniyar dubu ɗari biyar. In an koya masa da ka, ya haddace ya zuba a takarda ya manta, to maganin ya tafi a banza, saniyar ma ta bi shi, makiyayin kuma ya rantse ba zai ƙara kiran ma'aikacin gwamnati rugarsa ba. Wannan asara ta uku ita ce mafi tsada, domin shekaru ake yi kafin a dawo da yardar Bafulatani.

Waɗanda suka kafa wannan ilimi a Arewa sun gane haka. Turawan mulki sun buɗe sashen dabbobi a Zariya a 1913, suka mayar da ɗakin bincikensu Vom a 1924, kuma a 1941 suka kafa makaranta a can don horar da 'yan ƙasa. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitancin dabbobi a 1964, da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta fara. Amurkawan sun zo sun riƙe azuzuwa, amma a lokaci guda ana tura matasanmu can su zurfafa karatu su dawo su karɓi allin. Daga wannan iri ne Maiduguri da Sakkwato, daga baya kuma Jami'ar Bayero ta Kano, suka sami malamai da yawa. Mafi yawan 'ya'yan Jigawa da ke riƙe da shaidar likitan dabbobi a yau, a waɗannan garuruwa suka samo ta, a hannun malaman da wasu suka raina musu tun shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce.

Kai akanta ne, don haka bari in kawo lissafi. Digirin likitan dabbobi shekara 6 ne. Bautar ƙasa shekara 1. Digiri na biyu shekara 2 in an yi sa'a. Digirin digirgir shekara 3 zuwa 4, galibi ma ya zarce. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya a bana ba za ta zama cikakkiyar malama ba sai bayan shekara 12 ko 13, wannan ma in ba a yi yajin aiki irin na 2022 ba, wanda ya ci wata 8 cur. Wa'adin gwamna biyu shekara 8 ne. Ka ga ke nan wanda ya fara wannan aiki ba shi zai yi bikinsa ba, shi ya sa ba a son farawa. Amma mu mutanen Dutse mun san dabino: mai dasa shi ya san zai daɗe yana ban ruwa kafin ya ga nono ɗaya, hakan bai hana kakanninmu dasawa ba.

Sashe na biyu na sana'ar, wato binciken yadda ya kamata a koyar, shi ya fi wuyar bayani, har a tsakanin abokan aikina. In ka ce kana binciken cutar huhu ko ta sammore, kowa ya gane. In ka ce kana binciken yadda ɗalibi ke koyon gane cutar, sai a dube ka kamar wanda ya rasa abin yi. Bari in kawo misalin da duk likitan shanu ya sani.

Duba cikin saniya da hannu ake yi. Likita ya zura hannu ta dubura har kusan kafaɗa, ya lalubi mahaifa, ya faɗi ko tana da ciki da kuma watanninsa. Duk wannan yana faruwa a inda ido ba ya kaiwa. Malami ba ya ganin abin da yatsun ɗalibi suka taɓa, ɗalibi kuma bai tabbata ko mahaifa ya kama ko mafitsara ba. Sai ya gyaɗa kai ya ce ya ji, don kada abokansa su yi masa dariya. Saniya ɗaya kuwa ba za ta jure hannun ɗalibai talatin ba. Haka yaro zai gama makaranta da takardar shaida mai kyau, alhali bai taɓa tabbatar da ciki ɗaya da kansa ba. Illar tana bayyana a kwata. Duk wanda ya saba leƙawa can da asuba ya san 'yan tayin da ake zarowa daga cikin shanun da aka yanka, kowane ɗaya maraƙi ne da aka yi asara saboda ba a sami wanda zai duba uwar kafin a sayar ba.

Wata likitar dabbobi 'yar Birtaniya, Sarah Baillie, ta yi shekaru tana aikin shanu a karkara kafin ta koma Jami'ar Glasgow ta yi digirin digirgir a ilimin kwamfuta a kan wannan matsala kaɗai. Ta ƙera wata na'ura mai suna Haptic Cow, wadda ɗalibi zai sa yatsa a ciki ya ji kamar mahaifa yake taɓawa, malami kuma yana kallon motsin yatsan a fuskar kwamfuta yana gyara masa. Ba ta tsaya a ƙirar ba, ta gwada ta ga ko waɗanda suka koya da na'urar sun fi iya gano mahaifa a jikin saniya mai rai. A kan irin wannan aiki ta kai matsayin farfesa a fannin ilimin koyar da likitancin dabbobi. A can fanni ne mai kujerarsa da mujallarsa.

Ba ina roƙon ka sayo mana na'urar ba ne. Kwatar Dutse tana zubar da mahaifar shanu kullum. Malami mai himma zai iya karɓo su da sassafe, masu ciki da marasa ciki, ya jera a cikin akwati mai labule, ɗalibi ya sa hannu bai gani ba, shi kuwa malamin yana kallo ta ɗaya gefen. Ɗinkin rauni ana fara koyonsa a kan tsumma da soso. Neman jijiya ana fara shi a kan robar ƙarin ruwa da aka lulluɓe da fata. Sai dai wa ya tabbatar cewa wannan dabara tana aiki ga ɗalibanmu? Sau nawa yaro zai maimaita kafin hannunsa ya faɗa? Bayan wata shida ba ya yi, me ya rage masa? Ana sanin amsa ne in an raba aji biyu, aka koyar ta hanya biyu, aka gwada su a kan dabbobi na gaske, aka ƙidaya, aka rubuta don na baya su amfana. Wannan shi ne binciken da nake magana a kai, kuma kuɗinsa bai kai na taya huɗu na motar ofis ba.

Haka batun jarrabawa. Har yau mun fi dogara da rubutu, shi kuwa rubutu haddar ɗalibi yake aunawa. A 1975 wani malamin likitancin mutane a Dundee, Ronald Harden, ya fito da jarrabawar tasha-tasha: ɗalibi ya bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya, a kowace ya yi aiki guda cikin 'yan mintoci, mai jarrabawa yana tsaye da takardar abubuwan da dole a gani. Makarantun likitancin dabbobi da yawa a duniya sun ɗauke ta. A 2012 kuma Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta fitar da jerin abubuwan da ya wajaba sabon likita ya iya tun ranar farko da ya kama aiki. Jerin yana nan a rubuce, kowa zai iya saukewa daga intanet. Abin da takarda ba za ta yi ba shi ne ta zauna ta mayar da shi darasi da ya dace da bunaji da rahaji da jar akuya da balami. Wannan sai malami, kuma sai malamin da aka horar a kan koyarwa. Mu kuwa yawancinmu an miƙa mana alli ne kawai ranar da muka kama aiki, muka koyar yadda aka koyar da mu, da kyansa da muninsa.

Akwai kuma tambayoyin da babu wanda zai bincika mana su a Glasgow ko a Kansas, domin namu ne. Ɗalibi yana karatu da Turanci shekara shida, ranar da ya fita kuwa da Hausa ko Fulatanci zai yi aiki. Makiyayi zai ce masa saniyarsa na da sammore, yana nufin tana ramewa, kuma abin da ke ramar da saniya a fadamun Miga da Jahun ya haɗa da tsutsar hanta da ta ciki da yunwar bazara. Likitan da bai iya tambaya ba sai ya ɗirka mata allurar sammore ta Berenil ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Iya tambaya darasi ne, ana koyar da shi, ana kuma auna shi. Sannan awaki da kaji galibi a hannun mata suke, a cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga. Ta yaya za mu jawo 'yan mata cikin wannan karatu, kuma me ke sa wasu da suka shiga su sake fanni? Ga masu tallar magani a ranar kasuwa, kwalaben allura a baje a rana, kowa likitan kansa. An yi wa saniya allura yau, gobe nononta yana cikin ƙwarya a tasha, alhali akwai kwanakin da ya kamata a jira maganin ya fita daga jikinta. Wace irin magana ce ke sa mai shanu ya haƙura da kuɗin nonon kwana huɗu? Wa'azi a rediyo, ko bakin arɗo, ko na 'yarsa da ke makaranta? Ana iya gwadawa a gani. Lafiyar yaran da ke shan furar nan tana rataye da amsar.

In ana son hujja cewa koyarwa na kashe annoba, cutar shanun nan, bushiya, ta isa. Ta shigo Afirka a ƙarshen shekarun 1880, ta iso ƙasashenmu ta share garkuna har wasu Fulani suka rasa komai. A 1962 aka fara gagarumin rigakafin haɗin gwiwa a yankin Tafkin Chadi, aka yi zaton an gama da ita, sai ga ta ta dawo Najeriya a farkon shekarun 1980, dattawan rugage har yau suna ba da labarin. Maganin rigakafi mai kyau yana nan tun aikin wani likitan dabbobi mai suna Walter Plowright, amma yana son sanyi, kuma ma'aikatan gwamnati ba sa kaiwa ko'ina. Abin da ya karya lagonta a wuraren da ta maƙale, irin yankin Afar na Habasha da kudancin Sudan, abu biyu ne: an samar da rigakafin da ke jure zafi, sannan aka zaɓi makiyaya daga cikin al'umma aka koya musu yin allurar da kai rahoto. Sai da wasu suka zauna suka tsara abin da za a koya wa mutumin da bai yi boko ba, cikin kwana nawa, da yadda za a tabbatar ya iya. An ga cutar karo na ƙarshe a Kenya a 2001, aka shelanta kawar da ita daga duniya a 2011. Yanzu duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, wadda ita ce ke shafe irin awakin da aka raba wa matanmu. A Jigawa wannan yaƙi a tsakar gida za a yi shi, kuma zai ci mutane masu horo da yawa.

To me ya hana matasa shiga wannan sana'a? Albashi na ciki, ba na musu. Sabon likita yana ganin abokinsa da ya kama harkar kaji ko ya shiga ƙungiyar agaji ya yi mota, shi yana jiran alawus. Amma akwai abin da ya fi albashi kashe gwiwa. Ƙarin girma a manyan makarantunmu da yawan maƙalun da aka buga ake yin sa. Malamin da ya ɓata safiyarsa yana karɓo mahaifa a kwata, ya tsaya a kan kowane ɗalibi har hannunsa ya faɗa, ba shi da abin da zai nuna wa kwamiti. In ma ya rubuta maƙala a kan koyarwar, akwai wanda zai ce ai wannan aikin 'yan tsangayar ilimi ne, ba a ƙirga ta. Wanda ya bar ɗalibai da tsohon rubutu ya rufe ƙofa yana haɗa maƙalu shi ke hawa. Matasa suna kallo, kuma ba wawaye ba ne.

Wannan gyara yana hannunka, ranka ya daɗe, kuma ba ya cin ko kwabo. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, wadda asalinta kwalejin aikin gona ce, duka na jiha ne. Ka nemi majalisun gudanarwarsu su rubuta a ƙa'idar ƙarin girma cewa binciken koyarwa bincike ne, kuma ingancin koyar da aikin hannu yana da maki. In jiha ta fara, wasu za su kwaikwaya.

Mai cin kuɗi shi ne rainon malaman. Jihar nan ta taɓa tura ɗalibai ƙasar Sin su karanto likitancin mutane bisa sharaɗin su dawo su yi mata aiki, don haka tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. A zaɓi 'yan kaɗan daga cikin 'ya'yan jihar da suka riga suka gama digirin likitan dabbobi, maza da mata, waɗanda aka ga suna da son koyarwa, a ɗauki nauyin digirinsu na biyu da na uku a Zariya ko Sakkwato ko Ibadan. Wannan ya rage shekara bakwai daga lissafin da na kawo a sama. A sa sharaɗin kowannensu ya haɗa da takardar shaidar koyarwa, wasu daga ciki kuma a tura su inda aka ƙware a binciken ilimin likitanci. Asusun TETFund yana da kason horar da malamai, makarantun jiha na da haƙƙi a ciki, a nemi a karkato wani abu nan. Za a ce in sun ƙware za su gudu. Wasu za su tafi, gaskiya ne. Amma na ga abin da ke riƙe malami, kuma sau da yawa ba ya wuce ɗakin aiki mai kaya, da ɗalibai masu zuwa, da sanin cewa wahalarsa za ta kai shi gaba.

Wurin koyarwar ma muna da shi, ba sai an gina sabo ba. Kasuwar Shuwarin aji ce, kwata aji ce, haka tsohuwar gonar kiwo ta gwamnati da ke Birnin Kudu. Mota ɗaya mai kayan aiki da man da ba ya yankewa za ta kai ɗalibai rugage kowane mako, masu dabbobi su sami magani, yara su sami hannu. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ba taka ba ce, amma jiha ta riga ta nuna ana iya haɗa hannu da ita lokacin da aka miƙa asibitin Rasheed Shekoni ya zama na koyarwa. Abin da aka yi wa likitancin mutane ana iya yi wa na dabbobi.

Ina da gargaɗi ɗaya, kuma ina yin sa da ladabi. Duk lokacin da zancen tsangayar likitancin dabbobi ya taso a jihar nan, a Dutse ne ko a Kafin Hausa, za a kawo maka zanen gini mai kyau da kuɗin kwangila. Kafin ka duba zanen, ka nemi jerin sunayen waɗanda za su koyar, da matakin karatun kowannensu, da ko nasu ne na dindindin ko aro za a riƙa yi daga Kano da Zariya ana biyan kuɗin mota. Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa sai sun ƙidaya malamai sun duba asibitin koyarwa kafin su amince, kuma in ba su amince ba, 'ya'yan talakawa ne za su maƙale a aji huɗu ko biyar ba gaba ba baya.

Roƙona shi ne kafin a kammala kasafin kuɗi mai zuwa, ka kira zama ɗaya: shugabannin makarantun nan uku, daraktan kula da lafiyar dabbobi na jiha, reshen jiha na ƙungiyar likitocin dabbobi, da wakilan makiyaya da na mata masu kiwo. Ka tambaye su malamai nawa jihar ke da su a wannan fanni, nawa za su yi ritaya nan da shekara goma, da wa zai maye gurbinsu. Abin da suka faɗa maka a ware masa layinsa a kasafin, da sunansa, don kada ya narke a cikin kuɗin sayen magani.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora, ya ba jiharmu lafiya da damina mai albarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani malamin likitancin dabbobi, ɗan ƙasar Dutse.